Alhaji ya dawo gida da raga a zuciya, wai in kwalin nan ya ƙare ya gama shan magani

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 56, ya daɗe da hawan jini amma sai in kansa ya matsa masa yake shan magani. Sati uku da suka wuce ya tashi da asuba ƙirjinsa ya ɗaure yana ta zufa, muka ɗauka olsa ce, sai da muka je asibiti aka ce jijiyar zuciyarsa ce ta toshe, aka tura mu wani asibitin suka zura masa wata 'yar raga ta jijiyar hannu har zuwa zuciyar. An sallamo mu da magani kala shida. Tunda muka dawo bana barinsa ya yi komai, ko buta ni nake ɗaukar masa, masallaci ma na roƙe shi ya haƙura, na cire gishiri da maggi da mai a abincinsa gaba ɗaya shi kuma ya ƙi ci, shekaranjiya na tsinci takardar tsire a bayan kujera. Yanzu cewa yake shi ya warke, in kwalin nan ya ƙare ba zai ƙara saya ba ga tsada, ƙaninsa kuma ya kawo wani haɗi na tafarnuwa da citta da lemon tsami wai yana wanke jijiya, Hajiyarsu ta ce a kira mai ƙaho. Ya koma mai faɗa, baya barci, nima bana yi, cikin dare sai na tashi na duba ko yana numfashi. Akwai kuma maganar shimfiɗa da na kasa tambayar likita, ga azumi yana matsowa. Ya zan yi?

Daga wata 'yar uwa a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba Alhaji lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya biya ki.

Abinda ya tayar min da hankali a saƙonki ba tsiren nan bane wallahi, maganar kwalin nan ce da ya ce in ya ƙare shikenan. Kin zuba ƙarfinki kaf a kan hana shi motsi alhalin motsin yana cikin maganinsa, ita kuma maganar daina shan ƙwaya kin cusa ta a tsakiya tare da su tafarnuwa. Toh a juya. Ki sassauta masa a kan buta da masallaci, a kan ƙwaya kuwa ki tsaya kai da fata ko da zai yi sati yana gaba da ke.

Ga dalili. Ita zuciya duk da ita ke tura jini ko'ina a jiki, tana da nata ƙananan jijiyoyin da suke ciyar da ita. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangonsu a hankali, hawan jini da ciwon siga da sigari suna ƙara ingiza abin, rannan sai wurin ya tsage jini ya daskare a kai ya toshe hanya, naman zuciyar da ke gaban wurin ya fara mutuwa. Abinda ya same shi da asubar nan kenan. Ragar da suka zura masa 'yar mitsitsiya ce ta ƙarfe, faɗinta wajen milimita 3, aikinta ta tokare wurin ya zauna a buɗe. Wuri ɗaya ta gyara. Kamar kwatar unguwa ce da ta cushe aka zo aka yashe daidai ƙofar gidanku, ruwa ya wuce kowa ya ji daɗi amma sauran kwatar tana nan da dattinta. Sauƙin da yake ji gaskiya ne, ciwon ne dai bai tafi ba, irin wanda ake zama da shi ne ana lallaɓawa, kuma mutane da yawa suna shekara 20 da fin haka da shi suna kasuwarsu suna aurar da jikoki.

Sannan ita kanta ragar baƙuwa ce a jiki. Kafin naman cikin jijiyar ya tsiro ya lulluɓe ta ana ɗaukar watanni, a tsakanin nan kuma jini yana son daskarewa a kanta. Shi yasa in kika zazzage ledar maganin zaki ga guda biyu na hana jini daskarewa, ƙaramin asfirin mai 75mg da wani, ko clopidogrel ko ticagrelor, ki duba jikin kwalin. Bayan bugun zuciya irin nasa yawanci wata 12 ake shan su tare, daga nan likita ya cire ɗaya ya bar ɗaya. Babu abinda ke saurin toshe sabuwar raga irin mutum ya ajiye waɗannan biyun da kansa a watannin farko, kuma ba a hankali take toshewa ba balle a ce zai ji alama ya koma kan magani, lokaci ɗaya take rufewa, wani sa'in 'yan kwanaki kawai bayan an daina, kuma ba kowa ke kaiwa asibiti ba.

Sauran ma kowanne da aikinsa. Na kitse, yawanci atorvastatin, yana rage sabon taruwa yana kuma kwantar da wanda ya riga ya taru kar ya sake tsagewa, ko gwaji ya nuna kitsen ya sauka ba a dainawa dan shi ne ya saukar da shi. Irin su bisoprolol ko carvedilol suna rage wa zuciya gudu ta huta, su ma ba a yanke su lokaci ɗaya. In akwai lisinopril ko ramipril kika ji ya fara wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, kar a bi shi da maganin mura, a faɗa wa likita akwai madadinsa irin losartan, kuma irin waɗannan magungunan ana binsu da gwajin ƙoda. In yana jin jiri da ya miƙe, ya riƙa ɗan zama a bakin gado tukuna.

Yanzu ta yaya zai ji? Ba ta bakinki ba gaskiya, kin san halin mazanmu, maganar da kika yi sau goma bai ji ba in wani ya faɗa a waje sai ya dawo gida yana ba ki labarinta. Ranar komawa kilinik ki bi shi, ki ja ƙanin nan mai tafarnuwa ku tafi tare, in an shiga ki yi tambayar a gabansu, likita in ya daina wannan me zai faru? Sai ki yi shiru. Shi ma ƙanin a ɗaura masa abin gwada hawan jini tunda ya zo, ciwon nan yana bin dangi. Maganar tsada kuma ba ƙarya ya yi ba, amma ai ɗan kasuwa ne, ki ce ya ɗauko risit ɗin abinda aka kashe wajen saka ragar ya ajiye kusa da kuɗin maganin shekara guda ya yi lissafi da kansa. In da gaske aljihu ne ya matse a faɗa wa likita ƙiri-ƙiri ba kunya, akwai na kamfanoni masu sauƙin kuɗi, ticagrelor ya fi clopidogrel tsada nesa ba kusa ba kuma wani lokacin ana iya canzawa, amma likitan zuciyar ne zai canza ba yaron kemis ba. Ku tambaya kuma ko zai iya shiga inshorar lafiya, ta tarayya NHIA ko ta jihar Kano KSCHMA. A saya a famasi mai rajista a duba lambar NAFDAC, kuma a sayo sabo tun saura na sati ɗaya, kar a jira ƙwayar ƙarshe ta ƙare da daddare ana neman inda yake a buɗe. Ki nemi 'yar robar nan mai gida bakwai ki jera masa, ki ɗaura shan da lokacin sallah, in ya manta ya tsallake kar ya haɗa biyu ya ce ramuwa yake.

Wani wurin da zaki sa ido shi ne kemis ɗin bakin layi. 'Yan kasuwa da an taso da ciwon jiki sai a aiki yaro a haɗo musu, kuma haɗin nan da wuya ka rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam wanda ake ce wa felbin a ciki. Duk ba nasa bane yanzu, suna ƙara haɗarin wani bugun, suna taɓa ƙoda, in suka haɗu da asfirin suna iya sa ciki ya yi jini. Farasitamol ya ishe shi. Tunda kuma kun saba cewa olsa, in clopidogrel yake sha kar a sayo masa omeprazole kai tsaye dan yana rage masa ƙarfi, likitoci sun fi ba da pantoprazole a irin wannan.

Ƙaho kuwa a'a. Mutumin da aka tsinka wa jini da magani biyu ba a tsaga shi, ko haƙori zai cire sai ya faɗi abinda yake sha, in kuma an ce ya tsayar da maganin kafin a cire toh sai an ji daga likitan zuciya tukuna. Ɗan taruwar jini a fata ko dasashi ya ɗan yi jini wajen asuwaki wannan ana gani, a faɗa a kilinik. Amma bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, aman jini, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti 15 ana matse hanci, ko ya faɗi ya bugu a ka, wannan asibiti ne a ranar.

Shi kuma haɗin ƙaninsa, babu wani ruwa da ake sha ya bi jijiya ya wanke kitsen da ya yi shekaru yana taruwa, da akwai da ba wanda zai biya miliyoyi a zura masa raga. Tafarnuwa da citta a miya bismillah. Amma a dafa su da kauri a riƙa sha kofi-kofi a kan maganin tsinka jini yana iya ƙara zubar jini, kuma babbar illarsa mutum ya ɗauka ya samu madadi. Hajiya kuma kar ki ja da ita, uwa ce ɗanta ya leƙa lahira ya dawo, so take ta yi masa wani abu da hannunta. Kar hanin ya fito daga bakinki ya zama maganar suruka, ki sa shi ko babban ɗanku ya ce likita ne ya hana saboda maganin jini, sannan a bar mata abinda zata yi, addu'a da tofi da sadaka da ruwan zamzam, ba wanda ya ci karo da ƙwaya.

Sai mu zo kan kwantar da shin da kika yi. Da can likitoci ma haka suke yi, wanda ya samu bugun zuciya sai a kwantar da shi sati 6 a gado, har abinci a baki ake ba shi. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka fitar da sakamakon zaunar da irin waɗannan marasa lafiyar a kujera tun kwanakin farko, abokan aikinsu suna ta ganin ganganci ne, sai ga shi na kujerar sun fi samun sauƙi. Daga nan abin ya yi ta canzawa har aka zo yau da ake tayar da mutum ya taka tun yana asibiti. Doguwar kwanciya tana zubar da ƙarfin ƙafa, tana iya sa jini ya daskare a sharaɓa, tana kawo taurin bayan gida, ga karya gwiwa. Rabin faɗan da yake miki daga nan yake, mutumin da ke juya shago da yara a ƙarƙashinsa yau an wayi gari buta ta fi ƙarfinsa, haba.

In dai likitansa bai ce zuciyar ta yi rauni sosai ba ko ya sa masa wata doka ta daban, ya fara tafiya gobe. Tunda ya yi sati uku a kwance a fara da kaɗan, minti 5 zuwa 10 a tsakar gida ko bakin layi sau biyu a rana, wani yana tare da shi, duk bayan kwana biyu ko uku a ƙara minti biyu har a kai minti 30 sau biyar a sati, minti 150 kenan da ake so. Ma'aunin ba wuya, in yana tafiya yana iya hira da na kusa da shi numfashi bai yanke masa magana ba toh daidai ne, in ya kasa haɗa magana ya rage sauri. Ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zuciya ta fara bugawa ba tsari, ya tsaya nan take. Ba cikin ranar azahar ba, ba kuma da ya tashi daga kan tuwo ba, in hunturu ne ya rufe ƙirji da hanci da asuba dan sanyi yana matse jijiya.

Masallacin unguwa in bai da nisa shi ne ma ya fi komai dacewa, ya fara da la'asar da magariba, ya taka, ya ga mutane su gaisa, ya ji shi ma mutum ne. In tsayuwa ko sujada tana sa shi haki ya zauna a kujera, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da wannan damar. Abinda zaki hana shi da gaske shi ne ɗaga dila, tura mota, jan igiyar jenareto, jan guga, duk abinda sai an riƙe numfashi an yi nishi, har yunƙurin bayan gida, shi yasa ganye da ruwa da gwanda suke da amfani. Naman zuciyar da ya taɓu yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ya gama haɗewa, kasuwa kuma da yawa suna komawa wajen sati 4 zuwa 6 in likita ya yarda, ya fara da awa biyu ko uku yana zaune yara su hau su sauko da kaya, rigimar bin bashi a bar wa wani. Tuƙi a tambayi likita, kafin nan a ja shi. Ku kuma tambaya ko za a haɗa shi da sashen fisiyo, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da shi, su tsara masa motsa jiki daidai ƙarfinsa.

Abinci kuma kin wuce gona da iri ƙanwata, takardar tsiren nan ita ce amsar da ya ba ki. Ba a ce a cire gishiri gaba ɗaya ba, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, amma fa har da wanda ke ɓoye a dunƙulen maggi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da yaji da burodi da kilishi da taliyar yara. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a jiki, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, dan haka a ja baya da ita. Ki rage a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, ki cike giɓin da daddawa da albasa da citta da masoro da attaruhu. Kuma dan Allah ki daina yi masa tukunya daban, a rage wa kowa a ci tare, ba abinda ke sa namiji aiken yaro a ɓoye irin ya ji ƙamshin miyar gida a kawo masa lami, su ma yaran jininsa ne a jikinsu. Tuwon dawa ko gero, acca, wake, alale, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, kifi sau biyu a sati, kaza ba fata, duk nasa ne. Mai a auna da cokali, na gyaɗa ko na waken suya, manja da man shanu da kitse da kayan ciki a rage sosai, haka man da aka soya aka sake soyawa. Lemon kwalba da shayi mai siga cokali huɗu su ne zan fi bi da ido. Tsire kuwa ku yi sulhu, sau ɗaya a sati tsinke biyu, jan nama ba kitse, yaji kaɗan, a ci a gabanki. In yana taɓa sigari ko shisha wannan ba sulhu, masu ciwon nan da suka daina haɗarin mutuwarsu yana raguwa da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Faɗa da rashin barcin nan, ƙasansu tsoro ne. Ya ga abin da idonsa kuma ba zai zauna ya ce miki ina jin tsoro ba, sai dai ya ce miya ta yi sanyi. Wajen mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka yi bugun zuciya suna shiga ciwon damuwa na gaske, in kika ga ya wuce sati biyu baya jin daɗin komai, baya son ganin kowa, yana yawan maganar mutuwa da rabon gado ko yana cewa maganin ma meye amfaninsa, ki faɗa wa likita, ana maganinsa. Ki mayar masa da littafin lissafin shago, yaransa su riƙa kiransa suna neman izini. 'Yan dubiya kuma Allah ya ba su lada amma a sa musu lokaci, akwai masu zuwa su zauna awa biyu suna ba shi labarin wane ma haka ya yi bai ƙara wata ba. A sa babban ɗa a zaure, in sun yi yawa ya ce Alhaji ya ɗan kwanta. Abin gwada hawan jini ki saya, a gwada safe da yamma yana zaune bayan ya huta minti 5, a rubuta a littafi a tafi da shi kilinik, yawanci ana so ya zauna ƙasa da 130/80. Ban ce a gwada sau goma a rana ba.

Maganar shimfiɗa ba abin kunya bane a gaban likita, kullum ana tambayarsu, in bakinki ya yi nauyi ki rubuta a takarda ki miƙa wa nas. Abinda ake aunawa da shi shi ne in yana iya hawa bene hawa biyu ba ciwon ƙirji ba haki mai tsanani, toh yawanci ba matsala bayan 'yan makonni, a bi a hankali, ba a kan cikakken ciki ba. Inda haɗarin yake shi ne in ya ga ƙarfinsa ya ragu, wanda yana faruwa, ko dan tsoro ko dan wani daga cikin magungunan ko dan ciwon jijiyar kansa, sai ya je ya nemo maganin maza a ɓoye. Su Viagra in suka haɗu da maganin ƙirjin nan da ake sawa a ƙarƙashin harshe ko 'yan uwansa irin isosorbide, jini yana iya faɗuwa warwas har a rasa rai, kuma an sha samun wannan sinadarin a cikin na gargajiyar da ake sayarwa a kwalba da leda ana cewa zalla itace ne. Wannan ki faɗa masa da kanki, cikin dare, ku biyu.

In ciwon ƙirjin ya dawo, ko nauyi ne, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko ya zo da zufa da tashin zuciya, kar kowa ya sake cewa olsa. Ya zauna, in an ba shi na ƙarƙashin harshen ko na fesawa ya sa ɗaya yana zaune dan yana kawo jiri. Minti 5 bai lafa ba ya ƙara ɗaya amma ku kuna hanyar fita, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ƙaninsa ya zo daga wata unguwa, kuma ba shi zai ja motar ba, dan kowane minti naman zuciya ne ke tafiya. Tun yau ki samu lambar maƙwabci mai mota da ta mai a daidaita sahu guda da zai ɗaga waya cikin dare, ki haɗa takardar sallama da katin ragar da sunayen magungunan a leda ɗaya inda kowa a gidan ya sani, ki kuma ɗauki hotonsu a waya. In ƙafa ta fara kumbura, ko baya iya kwanciya sai an tara masa filo, ko nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, a koma kilinik kar a jira ranar da aka rubuta.

Azumi kuma, Allah da kansa ya ɗauke wa mara lafiya a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185. Wanda bai wuce sati 6 da bugun zuciya ko saka raga ba likitoci sun fi ganin ya ajiye, bayan nan kuma ya danganta da ƙarfin zuciyar a hoto da irin magungunan, dan ticagrelor sau biyu ake sha a rana, in kuma akwai na sa fitsari ga zafin Kano ƙishirwa tana iya kayar da shi ta taɓa ƙoda. A je kilinik tun kafin a ga wata a yi tambayar, in an yarda masa likita ya tsara lokutan tsakanin buɗa baki da sahur, kar ya tsara da kansa. In an hana, malaminsa ya yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa, zai fi karɓa daga can.

Ke kuma ki samu wata a 'yan uwanki ta riƙa karɓarki ko da rana ce ki yi barci, in an ɗaura masa abin gwajin ki miƙa naki hannun, in tashin daren nan ya ƙi barinki ki faɗa wa nas ranar da kuka je. Ki rubuto min bayan kun dawo in ji me likita ya ce a kan azumin.